Raƙumin Dawa a Tsakiyar Hamada: Tafiyata daga Kano zuwa Dabus

Abin da ya ɗaga ni daga Kano har arewacin Agadas tambaya ce da wata ɗaliba ta yi mini a aji. Ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare, kuma ranar muna kan darasin hamada ne, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ita Sahara tun da Allah Ya yi duniya haka take, ba ruwa ba ciyawa?" Na ba ta amsar da ke cikin littafi, cewa an yi zamanin da wurin yake da tafkuna da namun daji, amma tun ban rufe baki ba na ji a raina cewa hadda nake biya mata, domin ban taɓa ganin ko da alama ɗaya ta abin da nake faɗa da idona ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shafe shekaru yana kai turkuɗin Kura kasuwar Agadas. Da hutun ƙarshen shekara ya zo na same shi na ce ina son in bi shi, kuma ina son in wuce Agadas zuwa wani dutse da ake kira Dabus. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, dutse za ka kashe kuɗin mota ka je gani, ga Dala a bayan gidanku?" Da ya ga da gaske nake, sai ya ce in nemi fasfo da katin rigakafin shawara da bargo mai kauri.

Mun tashi bayan sallar asuba cikin hazo mai kauri, wanda ya sa direba ya kunna fitila har muka wuce Kazaure. Daura muka karya kumallo, daga nan muka isa Kongolam, aka duba takardunmu, muka tsallaka Ɗan Barto. A nan na fara karo da abin da ban zata ba, wato lissafin kuɗi. Na canja nairata zuwa sefa, na tsaya wurin mai shayi, da na tambayi kuɗin kofi ɗaya da burodi sai ya ce dala 40. Kawu ne ya fahimtar da ni cewa a Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka dala 40 sefa 200 ke nan, dala 100 sefa 500, sefa 1,000 kuwa jaka ɗaya. Harshenmu ɗaya da mai shayin, kakanninmu ma wataƙila gari ɗaya suka fito, amma shi yana ƙirga kuɗi da ma'aunin tsabar da Faransawa suka kawo, ni kuma da na Ingilishi. Sai da na kwana biyu ina ninka kowane farashi sau biyar a zuci kafin abin ya zauna mini.

A Damagaram muka kwana, a gidan wani fatoma da Kawu ya saba sauka, wanda bai karɓi ko sisi ba sai goron da muka riƙo masa. Da yamma na zaga unguwar Birni, inda fadar sarki take, na ga manyan duwatsu mulmulallu a tsakanin gidaje da zanen magina a jikin zaure irin wanda muke gani a Zariya da cikin birnin Kano. Garin shi ne hedkwatar mulkin Faransa a Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Da dare aka kawo mana dambu da zogale da man gyaɗa, da kilishin da na yarda ya fi namu taushi.

Washegari muka shiga babbar motar safa zuwa Agadas, jaka 9 kowane mutum ban da kuɗin kaya. Tafiyar kimanin kilomita 450 ce, kuma a gare ni ita ce darasin labarin ƙasa mafi kyau da na taɓa halarta, domin abin da nake zanawa a allo da layuka uku ya shimfiɗu a gabana sannu a hankali. Daga Damagaram zuwa Tanut ƙasar Damargu ce, ƙasar gero, ga rumbuna a gefen ƙauyuka, ga kara a gonaki. Kuka ce ta fara ɓacewa, gawo ya biyo ta, har ya zamana ba ka ganin komai sai aduwa da farar ƙaya da tumfafiya. Bayan Tanut gonaki suka ƙare ƙaf, sai makiyaya, Buzaye da Fulani, a kan rijiyoyi masu zurfi inda raƙumi ko jaki ke jan guga, yana tafiya mai nisa kafin gugan ya iso baki. Na riƙa auna zurfin rijiya da tsawon tafiyar dabbar. Kano kan samu ruwan sama kusan milimita 800 ko fiye a shekara, Agadas kuwa ba ta cika kai 150 ba, kuma wannan bambancin ne nake kallo ta taga, itace bayan itace.

Shingaye suna da yawa. A kowanne sai kowa ya sauko, a karɓi katin shaida, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Yawancin jami'an sun yi mana mutunci da suka ji Kawu yana gaishe su da sunayen garuruwansu, amma a wani shinge da ba zan ambaci inda yake ba an ware mu baƙi gefe, aka riƙe takardunmu kusan sa'a guda, ba a sake mu ba sai da kowa ya ajiye jaka ɗaya ba tare da rasit ba. Abin ya ɓata mini rai, musamman da na ga wasu samari masu zuwa ci-rani suna kwance bakin zani da aljihun ciki suna haɗa tsaba. Bayan Aderbisanat kuma taya ta fashe a wurin da kwalta ta mutu, muka yi sa'a biyu a rana da iska mai yashi.

Wannan tsayuwar ce ta haɗa ni da mutumin da ya gyara mini tafiyar gaba ɗaya, wani dattijo ɗan Agadas, tsohon malamin makaranta, wanda kowa a motar yake kira Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a can. Muna zaune a inuwar mota sai wani fasinja ya nuna gabas ya ce a cikin dajin nan akwai ƙasusuwan Samudawa, ya taɓa ganin ƙashin baya ɗaya da ya kai turmi. Mutane suka yi ta salati. Mushe ya bar shi ya gama, sannan ya ce ƙasusuwan gaskiya ne, amma ba na mutane ba ne, na wasu manyan dabbobi ne da suka shuɗe, waɗanda ake kira dainoso. Ya ce a wani wuri mai suna Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, wani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya tono su tun wajen 1965, daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo ya ci gaba, kuma a can aka samu ƙashin wani kada da tsawonsa ya wuce mita 9. Shekarunsu sun kai miliyan 110, tun babu ɗan Adam ko ɗaya a bayan ƙasa. Fasinjan bai yarda ba, ya ce wa ya ƙirga. Na lura cewa babu wanda ya musanta ƙashin, gardamar duk a kan mai shi ce, kuma kowa ya fi son a ce na mutum ne. Na ga kamar ɗan Adam in ya tsinci abin da ya fi ƙarfin saninsa, yakan fara neman labarin da ya riga ya sani ya saka shi a ciki, kuma ban ga laifin mutumin ba, domin da ni ma ban yi karatun abin ba, Samudawa zan ce.

Muka gangara ta gaɓar Tigidit rana na faɗuwa, muka shiga Agadas bayan isha. Sanyin daren ya wuce duk abin da na sani a Kano, mai shiga ƙashi, har na gode wa Kawu a kan bargo. Mai masaukinmu wani attajirin Buzu ne da ke sayen turkuɗi a hannun Kawu, kuma na ga yadda ya ɗaga ƙyallen ya shinshina, ya goga a bayan hannunsa ya duba shuɗin da ya bari, sannan ya gyaɗa kai. Wannan shuni da marinan Kura suka buga da hannu shi ne rawanin da mutumin Azbin yake ado da shi ranar sallah. Agadas gari ne da Hausa ce harshen kasuwarsa, kuma Bakano ba ya jin baƙunta a cikinsa, tun da mu ma muna da unguwar Agadasawa, kuma nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya biyo malaminsa Malam Jibrila neman karatu. Na hau hasumiyar babban masallaci, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake ta a 1844, tsawonta mita 27, duk da ƙasa da itace. Matakalarta tana ƙara matsewa kana hawa, har a ƙarshe sai da na karkata kafaɗa. Daga sama garin ja ne wur, bayansa kuma duwatsun Azbin.

A kasuwa wani mutum ya jawo ni gefe ya kwance wani tsumma, sai ga kawunan kibau na dutse, ƙanana, an fere bakinsu da kyau kamar haƙoran zarto, da duwatsun wuya da wani ɗan gatari mai santsi. Ya ce a Tenere, hamadar da ke gabas da Agadas, ake tsintarsu, jaka 2 zai bar mini guda biyar. Hannuna har ya kai aljihu, domin na hango kaina ina nuna wa ɗalibaina. Mushe, wanda ya zo raka ni, ya ce a hankali, "Malam, kibiyar nan a inda ta faɗi take magana. In an san a bakin wane tafki take, kusa da wane ƙashi, a ƙarƙashin wace ƙasa, za ta faɗi shekarunta da abin da mai ita yake farauta. In ta shiga aljihunka ta zama tsakuwa." Na mayar da hannuna. Mai tallar bai ji daɗi ba, kuma na san shi ma abinci yake nema, amma ban yi nadama ba.

Zuwa Dabus sai da mota mai ƙarfi, irin wadda suke kira kat-kat, da direban da ya san daji, da takardar izinin bin hanya, wadda mai masaukinmu ya tsaya aka yi mana. Hayar motar da mai na yini ɗaya ta ci jaka 70, muka raba uku, ni da Mushe da Kawu, wanda a daren ya ce tun da ya shekara da shekaru yana zuwa garin nan bai taɓa jin labarin dutsen ba, ba zai bari ɗan yayarsa ya riga shi ba. Muka kama hanyar Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom tun 1971, hanyar da manyan motoci suka farfasa har direbobi sun fi son bin gefenta. Bayan kimanin kilomita 110 muka saki kwalta muka yanki daji na 'yan kilomitoci, muka tsaya a gindin wani tsauni da bai fi mita 15 ba. Daga ƙasa babu abin da zai sa matafiyi ya waiwaye shi. Wani dattijon Buzu daga cikin masu gadin wurin ya fito daga bukkarsa, muka gaisa da Hausa, ya ce mu cire takalma kafin mu hau, kuma kada kowa ya taka zane.

Na hau ina kallon ƙafafuna saboda kaifin dutse, sai dattijon ya ce, "Ɗaga kanka, Malam." A kan wani faffaɗan dutse mai gangare, raƙumin dawa ne kwance a gabana, cikakke, girmansa girman mai rai. Tsawonsa daga kofato zuwa ƙaho mita 5.4 ne, a bayansa kuma ga wata ƙarama, wadda ake ɗauka macen ce. Na sha ganin hotonsa a intanet, amma hoto bai gaya mini zurfin aikin ba. Layin da ya zagaye jikin an rarake shi ne ya yi zurfi, aka goge shi ya yi santsi kamar bakin turmin da ya daɗe. Kowane tabo na fatar dabbar an fitar da shi daban, an sassaƙe kewayensa har ya taso, manya a gangar jiki, suna ƙanƙancewa a wuya da ƙafafu, daidai yadda suke a jikin mai rai. Na durƙusa kusa da kan, na ga ido da hanci da kunne da gezar wuya gashi bayan gashi, har da kumburin gwiwa. Wanda ya yi wannan ya daɗe yana kallon raƙumin dawa a kusa, ya san yadda yake tsayawa da yadda yake ɗaukar wuyansa. Kuma ya yi shi ne ba da ƙarfe ba, domin a lokacin ba a san ƙira ba. Da dutse mai tauri ya sari dutse mai taushi, ya goge da yashi.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ba aikin mai jin yunwa ba ne." Na ga maganar ɗan kasuwa ce da ta kama gaskiya, domin kafin mutane su zauna kwana da kwanaki suna goge dutsen da ba za su ci ba, ba za su sayar ba, sai suna da abinci da ruwa a kusa, da waɗanda za su ɗauke musu kiwo da farauta. Zanen kansa shaida ne cewa ƙasar ta taɓa ƙosar da mutanenta. Akwai kuma wani abu da ya tsaya mini a rai. Daga bakin kowane raƙumin dawa an ja wani layi siriri da ya gangaro ya ƙare a kan wani ɗan ƙaramin mutum. Masu bincike sun yi ta fassara shi, wasu sun ce igiya ce ta farauta ko ta ƙoƙarin horar da dabbar, wasu sun ce alama ce ta wata dangantaka ta addininsu. Mai gadin ya ce shi a ganinsa akala ce, domin haka Buzu yake jan raƙuminsa. Na lura cewa shi ma, kamar fasinjan motarmu, da abin da ya sani ya fassara abin da ya gani.

Maganar akala ce ta tuna mini da sunan dabbar a harshenmu. Muna ce mata raƙumin dawa, kamar raƙumi ne na asali, ita kuma 'yar'uwarsa ce da ta shiga daji. A kan wannan dutse kuwa abin a juye yake. An ƙiyasta shekarun zanen tsakanin 6,000 zuwa 8,000, alhali raƙumi bai yaɗu a Sahara ba sai kimanin shekaru 2,000 da suka wuce, bayan ƙasar ta bushe. Wato dabbar da muka ara wa suna ita ce 'yar gida, wadda muka aro sunan daga gare ta ita ce baƙuwa. A kewayen tsaunin akwai zane sama da 800, kuma dattijon ya zaga da mu yana nunawa: shanu ne suka fi yawa, sai jiminu da barewa, ga karkanda, ga giwa, ga zaki. Raƙuma 'yan kaɗan ne, kuma da su da rubutun Tifinag na Buzaye layukansu sun fi haske, ba su yi duhun tsofaffin ba. Mushe ya nuna mini cewa wannan duhun shi ne ɗaya daga cikin ma'aunan shekaru. Dutsen hamada yakan yi wani baƙin shafi a hankali, daga ƙarfe da manganis da ke taruwa a fuskarsa cikin dubban shekaru, saboda haka sabon zane fari yake fitowa, tsoho kuwa ya koma launin dutsen. Shi dutse ba a auna shi da kabon 14, domin wannan awo sai abin da ya taɓa rai, kamar ƙashi ko gawayi ko itace, inda rabin sinadarin yake narkewa duk shekara 5,730, a duba abin da ya rage a san tun yaushe abin ya mutu. Wannan ita ce amsar mai cewa wa ya ƙirga, ga abin da bai wuce shekaru dubu hamsin ba, tsofaffin duwatsu kuma suna da nasu ma'aunin.

Da rana ta take muka sauko inuwar wata ƙaya. Direba ya kwaɓa gari ya binne shi cikin rairayi mai zafi da garwashi a kai, ya fito da burodin da suke kira tagella, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura cikin miyar tumatir da albasa, muka haɗa da cuku da dabino, shayi ya biyo baya har zagaye uku. A nan Kawu ya yi tambayar ɗalibata da nasa kalmomin, ya ce to ina ruwan ya tafi. Na ce masa ya tuna katantanwar da yara ke murzawa, yadda kanta yake layi yana zagayawa a hankali alhali tana juyi. Duniya ma haka take, kuma layin nata yakan ɗauki shekaru sama da 20,000 kafin ya zagayo. A yanzu mun fi kusa da rana a farkon Janairu, lokacin sanyinmu. Kimanin shekaru 11,000 da suka wuce kuwa kusancin yana faɗowa ne a tsakiyar shekara, sai zafin bazara ya ƙaru a arewacin Afirka, ƙasa ta yi zafi sosai ta jawo iskar teku mai ɗauke da ruwa. Iskar nan ita ce dai wadda take kawo mana damina daga kudu maso yamma, sai dai a wancan zamani tana zarcewa arewa nesa da inda take tsayawa yau. Da layin ya juya, daminar ta riƙa ja da baya, har wajen shekaru 5,000 da suka wuce hamada ta ci ƙasar. A lokacin cikarsa Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, alhali a shekarun 1960, da ake ganin yana da girma, 25,000 ne.

Mushe ya ɗora da labarin Gobero, wani wuri a cikin Tenere da tawagar Sereno ta yi kiciɓis da shi a 2000 tana neman ƙashin dainoso. Maƙabarta ce a bakin wani tafki da ya ƙafe, mai kaburbura kusan 200, na al'ummu biyu da suka zauna a wurin a zamani daban-daban, da fari mai tsawo a tsakaninsu. An samu masun kamun kifi da ƙugiyoyi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada, a wurin da yau ko tsuntsu ba ya samun abin sha. An samu wata yarinya da munduwar haƙorin dorina a damtsenta. Sannan ya sassauta murya ya ce akwai wani kabari da ya haura shekara 5,000, na mace da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, kuma an samu ƙurar furanni a ƙarƙashinsu, alamar a kan furanni aka shimfiɗe su. Kawu, wanda ya binne 'ya'ya biyu a rayuwarsa, ya ajiye kofinsa ya ce, "Allahu Akbar. Ashe su ma sun san zafin." Babu wanda ya ƙara magana har shayin ya huce.

Kafin mu tafi na sake hawa ni kaɗai, domin la'asar ta sa hasken ya kwanta, kowane tabo ya fito da inuwarsa. A gefe na ga inda wasu baƙi na zamaninmu suka kankare sunayensu a jikin dutse, na ji haushi ƙwarai, duk da na san ƙaiƙayin da ya sa su, wato son mutum ya bar alamar cewa ya zo, bai rasa dangantaka da wanda ya sa aka yi zanen farko. Bambancin shi ne na farko ya ba da kwanakinsa ya bar abin kallo, na biyu ya ba da minti biyar ya ɓata shi. Saboda irin wannan ɓarna ce, bayan Bafaranshe Christian Dupuy ya rubuta labarin wurin a 1987 duniya ta san shi, aka zo a 1999 aka ɗauki samfurin zanen, aka zuba kwafinsa da alminiyom, ɗaya yana filin jirgin saman Agadas. Aka kuma haƙa rijiya a kusa don masu gadi su zauna. Na tambayi dattijon ko ya taɓa ganin raƙumin dawa mai rai, ya ce bai taɓa ba. Mushe ya gaya masa cewa irinsu na Afirka ta Yamma saura garke ɗaya, a Kure kusa da Yamai, waɗanda suka ragu har 49 a 1996, aka tsare su suka haura 600, kuma a 2018 an kwashi 8 an kai dajin Gadabeji. Dattijon ya ce in Allah Ya yarda zai so ya ga ko da ɗaya kafin ya mutu, ya gwada da nasa.

Komowa ba ta da labari, sai gajiya da shingaye da ƙura. Mun iso Kano muka tarar hazo ya ƙara kauri, mahaifiyata tana goge tabarma da kwanuka tana faɗan hunturun bana. Na shafa yatsa a kan akwatin rediyonta na duba farar ƙurar da ta manne. Yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, wato busasshen gindin wancan babban tafki, kuma a cikinta akwai ɓawon ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Na gaya mata haka, ta ce ita ba ta yi mamaki ba, domin rafin ƙauyensu da suke wanka a ciki suna yara yanzu gidaje ne a kansa. Sai ta tambaye ni ko mu a nan ƙasar ba mu da irin wannan abin tarihi sai an je Azbin. Na ce akwai kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a ƙasar Yobe, tsawonsa ya wuce mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, tsaran raƙuman dawan Dabus, kuma yana ajiye a Damaturu. Washegari da na raka Kawu tasha karɓar sauran kayansa, na tsaya wurin 'yan kamasho na tambayi kuɗin motar Damaturu da lokacin da ta farko take tashi.